Mabuɗin da ba a rubutawa a takardar miƙa aiki: Yadda ake ba kwamfuta umarni daga nesa

Da la'asar ɗin Litinin, 4 ga Oktoba, 2021, wajen ƙarfe biyar saura, WhatsApp ya ɗauke. Facebook da Instagram ma suka ɗauke tare da shi. A Abuja lokacin tashi daga aiki ne, don haka da yawa suka ɗora laifin a kan kamfanin layinsu. Wani ya kashe waya ya kunna, wani ya sake sayen data. Sauran duniya ta kwarara Twitter don jin abin da ake ciki, mu kuwa a lokacin an dakatar da shi a ƙasar nan tun watan Yuni. Hadiman manya, waɗanda duk jadawalin maigidansu yake cikin zaurukan WhatsApp, suka koma kiran waya da tes. Sai bayan kusan awa shida al'amura suka fara daidaita.

Da kamfanin ya yi bayani, sai ta bayyana cewa ba hari aka kai masa ba, ba kuma gobara ce ta tashi ba. Ana cikin aikin gyara na yau da kullum ne aka ba da wani umarni da nufin auna ƙarfin hanyoyin da suka haɗa cibiyoyinsa na ajiye bayanai, umarnin ya katse hanyoyin baki ɗaya. Akwai manhajar da aikinta shi ne ta tantance irin wannan umarni ta tsayar da shi idan da kuskure, amma ita ma tana da nata lahanin, ta bar shi ya wuce. Abin da ya ƙara jan lokaci shi ne injiniyoyin da suka saba gyara komai daga kan kujerunsu sun rufe wa kansu ƙofa. Dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin, wuraren da aka gina da gangan yadda shigarsu za ta yi wuya.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da dalilin kula da wannan labari fiye da na ɗaukewar hira. Albashinsa yana bi ta tsarin IPPIS, kuɗin ma'aikatarsa suna bi ta GIFMIS da asusun bai-ɗaya na TSA, takardun ofis kuma sai ƙara komawa kwamfuta suke yi. Duk irin waɗannan tsare-tsare suna zaune ne a kan manyan kwamfutocin da ake kira uwar garke, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci suke neman bayani a wurinta. Wasu suna cibiyar Galaxy Backbone, kamfanin da gwamnatin tarayya ta kafa a 2006, wasu suna wani ɗaki mai sanyi a ƙasan ginin ma'aikata, wasu kuma haya aka kama musu a wata ƙasa. Uwar garke a galibi ba ta da allo, ba ta da madannai, babu mai zama a gabanta. Masu kula da ita daga nesa suke yi mata magana, da rubutu, layi bayan layi. Hanyar da aka fi bi wajen wannan magana a duk duniya ita ce SSH.

Baƙin allo da abin da ke bayansa

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen kwamfuta na ofishinsu ya ga wani ya buɗe baƙin allo yana rubuta gajerun kalmomi, babu hoto, babu wurin latsawa. Wannan shi ne layin umarni. Mutum ya rubuta abin da yake so, ya danna, kwamfuta ta aikata ta dawo masa da amsa a rubuce. Idan ya rubuta ssh, ya bi shi da sunansa da adireshin wata kwamfuta, misali ssh musa@uwargarke, to daga lokacin da aka karɓe shi allon nan ya daina zama na kwamfutar da ke gabansa. Duk abin da ya rubuta a can nesa yake aukuwa, ko da kwamfutar tana Legas ko Landan. Bai ma zama dole ya shiga ya zauna ba. Yana iya liƙa umarnin a ƙarshen layin, kamar ssh musa@uwargarke df -h, sai a je a tambayo masa sauran sararin ajiya da ya rage a can, a kawo masa amsa, a rufe hanya. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ke nan.

Mu ma a nan, jaridar da mai karatu yake dubawa tana kan wata kwamfuta ce da ban taɓa gani da idona ba. Daren da shafinmu ya tsaya muna tsakiyar ɗora labari, abokin aikinmu mai kula da ita yana gidansa. Bai fito ba. Ya shiga daga kwamfutarsa ta hannu, ya gano cewa ma'ajiyar ce ta cika, ya share tsofaffin fayiloli, ya sake tayar da manhajar. Kafin shayina ya huce mun ci gaba da aiki. A daren na ji daɗi ƙwarai. Daga baya ne na tsaya na yi tunanin cewa wanda zai iya wannan gyara daga falonsa, zai iya share aikinmu na shekaru daga falon nan.

Kafin SSH akwai hanyoyin yin haka. Telnet ya samo asali tun 1969, sai kuma rlogin da rsh da suka yaɗu a shekarun 1980. An ƙirƙire su a zamanin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan kaɗan ne, akasari malaman jami'a da suka san juna. Saboda haka komai a buɗe suke aika shi, har da kalmar sirri, tamkar wasiƙar da ba a saka a ambulan ba: duk hannun da ta bi zai iya karantawa.

A farkon 1995 wani ya dasa manhajar satar kalmomin sirri a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finland. Wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta madadin waɗancan tsofaffin hanyoyi, wanda yake jirkita duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutoci biyu yadda mai saurare a tsakiya ba zai ga komai ba sai shirme. Ya sake shi kyauta a watan Yuli na shekarar. Kowace hidima a intanet tana da lambar ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata. Telnet yana da 23, hanyar aika fayiloli ta FTP tana da 21, lamba 22 da ke tsakaninsu babu mai ita. Ylönen ya aika wasiƙar imel ga hukumar da ke raba lambobin ya nema, aka ba shi. Kafin ƙarshen shekarar an ƙiyasta masu amfani da manhajar sun kai 20,000 a ƙasashe 50.

Da ya kafa kamfani, sababbin nau'o'in manhajar suka koma na kuɗi. Sai masu aikin OpenBSD, ƙarƙashin jagorancin Theo de Raadt a Kanada, suka ɗauki tsohon nau'in da yake kyauta suka gina OpenSSH, wanda ya fito a Disamban 1999. Shi ne yau yake cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux da kowace kwamfutar Apple, kuma tun 2018 Microsoft ya saka shi a Windows 10. Wataƙila yana cikin kwamfutar da ke kan teburin mai karatu a yanzu haka.

Kwado da mabuɗi

Ana iya shiga ta SSH da kalmar sirri, amma ƙwararru ba su cika son haka ba. Duk kwamfutar da aka buɗe wa ƙofa ta 22 a intanet, ba ta daɗewa manhajojin masu kutse suke fara ƙwanƙwasa ta dare da rana, suna gwada sunaye da kalmomin da mutane suka saba sakawa. Ba wai sun san ma'aikatar ba ne ko suna da wata a ƙasa da ita. Kowace ƙofa suke taɓawa, wadda ta buɗe su shige.

Abin da aka fi amincewa da shi shi ne tagwayen mabuɗai. Mutum zai ba da umarnin ssh-keygen a kwamfutarsa, ta ƙera masa fayiloli biyu masu alaƙa ta lissafi. Ɗaya kamar kwado yake: ana iya kwafarsa a rarraba, a maƙala a ƙofar kowace uwar garke da mutum yake da izinin shiga. Ɗayan shi ne mabuɗin kwadon, kuma ba ya barin kwamfutar mai shi. Idan ya zo shiga, ba a aika mabuɗin ta waya. Ana yin wani lissafi ne wanda mai riƙe da mabuɗin kaɗai zai iya yi daidai, uwar garke ta duba da kwadon da ke wurinta, ta buɗe. Ita ma uwar garken tana da nata tambarin. Ranar farko da mutum ya shiga, kwamfutarsa za ta nuna masa tambarin ta tambaye shi ko ya yarda, ta adana. Idan wata rana tambarin ya sauya, za ta yi masa kashedi da manyan baƙaƙe, domin mai yiwuwa wani ne ya tsaya a tsakiya yana shigar burtu. Da yawa sukan share kashedin su wuce saboda sauri, kuma wannan ɗabi'a ce da ya kamata shugaban sashe ya hana.

Tsarin yana da kyau, kuma lissafinsa ba abin da ake fasawa da wasa ba ne. Raunin yana wani wuri dabam. Kwadunan da aka maƙala wa uwar garke suna cikin wani ɗan fayil ne mai suna authorized_keys, kowane layi mutum ɗaya ko manhaja ɗaya. A yadda aka saba girka shi, layin ba shi da wa'adi. Sauya kalmar sirri ba ya goge shi. Karɓe katin shaidar aiki ba ya goge shi. Yana nan har ranar da wani ya buɗe fayil ɗin ya cire shi da hannunsa.

A nan ne maganar ta shafi ofisoshinmu kai tsaye. Aikin gwamnati aiki ne na sauyin wuri. Ana yi wa jami'i canji daga wannan ma'aikata zuwa waccan, ɗan kwangila ya girka tsari ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai yi wa ƙasa hidima ya yi shekararsa a sashen kwamfuta ya kama gabansa, hadiman minista su tafi tare da ministansu. Takardar miƙa aiki takan lissafa mabuɗin ofis, da mota, da kabad ɗin fayiloli, da hatimi, har da na'urar buga takardu. Ban cika jin an ce ta lissafa mabuɗan uwar garke ba, alhali wanda ya tafi da mabuɗin ofis sai ya wuce maigadi kafin ya yi amfani da shi, wanda ya tafi da wannan kuwa babu maigadin da zai gan shi. Kuma ba lallai sai shi ne mai mugun nufi ba. Ya isa a sace kwamfutarsa ta hannu a mota, ko ya sayar da ita a kasuwar Banex ba tare da ya goge ta ba.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. Shi kansa Ylönen ya shafe shekaru yana jan kunnen manyan bankuna da hukumomi a kan tarin mabuɗan da ba a san masu su ba, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta rahoton da hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar a kan batun a 2015. Wani ɓangare na matsalar shi ne yawancin mabuɗan ba na mutane ba ne. Na manhajoji ne da suke shiga wata kwamfuta da tsakar dare su kwashi kwafin ajiya, ko su rarraba gyara ga kwamfutoci ɗari a lokaci guda. Wanda ya gaji tsarin yana tsoron cire layin da bai san aikinsa ba, kada wani abu ya tsaya a ɗora masa laifi, sai ya bar shi. Wanda ya gaje shi ma ya bar shi.

Kuskuren tazara ɗaya

Aikina gyaran rubutu ne, kuma na san cewa idan harafi ya kuɓuce mana muna iya komawa mu gyara, a yi mana dariya a wuce. Layin umarni ba ya wannan rangwame. Umarnin rm -rf yana share babban fayil da duk abin da ke cikinsa, ba ya tambaya, ba ya ajiyewa a kwandon shara. Wanda ya rubuta rm -rf ajiya/tsoho ya share tsofaffin abubuwan da ke cikin ajiya. Wanda yatsansa ya zame ya rubuta rm -rf ajiya /tsoho, da tazara ɗaya a tsakani, ya share ajiyar ɗungurungum.

Idan aka haɗa wannan da aiki daga nesa, sai a sami wani haɗarin: tagogi biyu a allo ɗaya, duka baƙaƙe, kowace tana kallon kwamfuta dabam. A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, bayan doguwar rana yana fama da wata matsala, ya yi niyyar share bayanan uwar garke ta biyu domin ya sake kwafo mata daga ta farko. Ashe a kan ta farkon yake. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsayar, amma daga bayanai kusan gigabait 300 abin da ya rage bai wuce 4.5 ba. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyi biyar da kamfanin ya tanada babu wadda take aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, kuma aikin da jama'a suka yi a waɗannan awanni ya tafi ke nan. Abin da ya burge ni shi ne kamfanin bai rataye injiniyan ba. Ya wallafa yadda abin ya faru dalla-dalla, ya nuna aikin farfaɗowar kai tsaye a YouTube, kuma cikin gyare-gyaren da ya tsara har da sauya kamannin layin umarni yadda mutum zai gane a kan wace kwamfuta yake. A ofisoshinmu na san abin da zai fara fitowa takardar tuhuma ce, kuma wanda ya san tuhuma ke jiransa ɓoye kuskure yake yi.

Wata guda bayan haka, ranar 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen shigar da umarnin da aka so ya janye 'yan kwamfutoci kaɗan daga aiki, ya janye masu yawa. Shafuka da manhajoji birjik da suka dogara da ma'ajiyar kamfanin ta jihar Virginia suka tsaya na kimanin awa huɗu.

Rabin daƙiƙa

Tun da ƙofar tana da wuyar fasawa, masu dogon buri sun gwada shiga ta wurin maƙerinta. A ranar 29 ga Maris, 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya sanar da abin da ya gano bayan ya lura cewa shiga ta SSH a wata kwamfutar gwaji tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata, tana kuma cin ƙarfin na'ura. Wani zai ɗauka ba komai ba ne. Shi ya bi diddigi har ya isa ga xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux take ɗauke da ita, wadda mutum ɗaya mai aikin sa-kai ya daɗe yana kula da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka masa da gyare-gyare har ya sami amana da ikon fitar da sabon nau'i. A nau'i na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa, wadda a wasu nau'o'in Linux za ta bai wa mai riƙe da wani mabuɗi guda damar ba da umarni a kan kwamfuta ba tare da izinin kowa ba. An kama abin yana nau'o'in gwaji, bai kai ga mafi yawan waɗanda hukumomi da kamfanoni suke amfani da su ba. Har yau ba a tabbatar wa duniya ko wane ne Jia Tan ba.

Wannan ya fi ƙarfin darakta a wata ma'aikata, kuma abin da zai iya yi a kai bai wuce tabbatar da cewa ana sabunta manhajoji a kan lokaci ba. Amma sauran duk suna hannunsa, kuma ba sa bukatar ya iya rubuta umarni ko ɗaya. Doka ma ta riga ta sa shi a ciki. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfuta ba tare da izini ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka keta bayanan da za su iya cutar da masu su. Hukumar da ba ta san adadin masu mabuɗinta ba, da wuya ta san an shiga, balle ta ƙirga awanni.

Tambayar farko da shugaba zai yi wa sashen kwamfuta ita ce a kawo masa sunayen duk masu iya shiga kowace uwar garke, a takarda, a gwada da abin da ke cikin fayil ɗin mabuɗai. Duk layin da ba a san mai shi ba, a bincika a cire. Ta biyu, ko kowa da sunansa yake shiga, ko kuwa duk sashen suna amfani da asusun root, wato asusun mai cikakken iko. Ma'aikaci ya san darajar sa hannu a fayil: idan mutum biyar suna sa hannu da suna ɗaya, ranar bincike babu wanda za a kama, babu kuma wanda zai iya wanke kansa. Akwai umarnin sudo da yake ara wa mutum ikon na ɗan lokaci ya kuma rubuta wanda ya ara. Rajistar shige da fice ita ma gara a riƙa aika kwafinta wata kwamfuta dabam, domin mai kutse da ya sami cikakken iko abin da yake fara gogewa ke nan.

Sai tsarin gida. Maimakon kowace uwar garke ta buɗe ƙofarta ga titi, ana ware kwamfuta ɗaya ta zama zaure: kowa ta nan zai bi, a nan ake tantance shi, a nan ake rubuta sunansa. Idan mutum ya bar aiki, rufe masa zaure ya rage yawan ƙofofin da za a bi ana dubawa. Maganin rashin wa'adi ma yana nan tuntuni. Tun 2010 OpenSSH yake da tsarin takardar shaida da ake bai wa mabuɗi, mai ƙarewa da kanta bayan awanni ko kwanakin da aka yanka mata, tun 2020 kuma yana karɓar ɗan mabuɗin ƙarfe da ake soka wa kwamfuta, wanda ba a iya kwafarsa kamar fayil. Tsarin takardar shaidar ba ya bukatar sayen lasisi, mabuɗin ƙarfen ne kawai ake saye.

Ga hadimin da yake shirya wa maigidansa takardar kwangilar wani sabon tsari, akwai sakin layi ɗaya da ya cancanci shiga kafin a kai ga biyan kuɗin ƙarshe: ɗan kwangila ya miƙa jerin duk asusu da mabuɗan da ya girka, jami'in ma'aikata ya cire su a gabansa, su biyun su sa hannu da kwanan wata.